Yadda Na Faɗaɗa Ragar Gabas

Ranar Asabar da ta wuce na ga samari uku suna shata filin ƙwallo a bayan tashar mota ta Kaura. Ɗaya yana jan ƙafa a ƙasa, ɗaya yana bin sa da toka a leda, na ukun yana duban waya yana ba da umarni. Da suka gama, layin gefe ya fito kamar sawun macijin da aka taka wa wutsiya. Na tambaye su yadi nawa ne daga layin raga zuwa wurin bugun fenareti. Mai wayar ya ce, "Baba, ai da ido aka yi nai." Wannan amsa ce ta zaunar da ni rubutu. Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina shata filaye tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi, kuma ina so ku sani ido ba ma'auni ba ne. Zan kuma faɗa muku yadda ni kaina, da ma'auni a hannuna, na ɓata sunan wani bawan Allah har shekara bakwai, domin ba daidai ba ne in yi muku faɗa in ɓoye nawa.

Filin farko da na taɓa sa wa hannu shi ne na ma'aikatan jirgin ƙasa, ƙarƙashin Mista Ayuba, shugaban masu gyaran layin dogo, dattijo kuma a majami'armu. Na fito daga makarantar mishan ke nan, inda in ka ja layi a karkace a littafinka malami ba ya tambayar dalili, sai dai ya gaisa da yatsunka da gefen rula. Na ɗauka na san layi. Mista Ayuba ya ba ni igiya da ƙusoshi ya ce in fitar masa da kusurwa guda. Na fitar. Ya duba, ya share da takalminsa. Na sake, ya sake sharewa. Sai a karo na shida ya nuna mini ƙullin da ke jikin igiyar: yadi uku ta wannan gefe, huɗu ta wancan, in tsakaninsu ya ba ka biyar cif, kusurwarka ta tsaya. In bai ba ka biyar ba, ko sarki ne ya ce ta yi, ba ta yi ba. Wata shida na yi ban taɓa gwangwanin farar ƙasa ba. Aikina jan igiya da tsince tsakuwa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai gwangwanin madara da aka huda gindinsa da ƙusa, shi ke zuba farar ƙasa. In hujin ya yi girma ka yi ɓarna, in ya yi ƙanƙanta alƙalin wasa ba zai ga layi ba, ko da yake wasunsu ko an yi layin da katanga ba za su gani ba. Akwai igiyar rama, wadda Mista Ayuba ke kira maƙaryaciya, gama da damina takan tsuke, da rani ta saki jiki. Saboda haka bakin raga ba a amince wa igiya da shi. Akwai rula ta ƙarfe mai tsawon ƙafa ɗaya. Da ita ake bin zare, ana ɗorawa ana ƙirgawa, har ƙafa ashirin da huɗu daga cikin turke zuwa cikin turke. Da ya yi ritaya ya bar mini wannan rula tare da doka guda: awo ɗaya kamar shaidar mutum ɗaya ne, ba a yanke hukunci da shi, sai an nemo na biyu. Yakan ce Allahn da ke ƙin mudun algus a kasuwa bai tafi hutu ba ranar wasa.

Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne na shekarar da hanya ta lalace, motoci suka daina shigo mana da farar ƙasa. Wasanni kaɗan aka yi a shekarar, amma kaɗan ɗin ma sai an shata. Na gwada tokar gidan burodi, iska ta kwashe ta kafin 'yan wasa su gama ɗaura takalmi. Sai wani ɗan kasuwa a Zurmi ya ba ni buhun garin rogo da ruwa ya ɓata. Na shata fili tun da safe, ya fito fari tas, ban taɓa ganin layi mai kyau irin wannan ba. Na je na ci abinci na dawo, na tarar da awakin unguwa sun cinye da'irar tsakiya, sun gama da layin gefe na kudu, suna shawarar shiga gidan mai tsaron raga. Aka yi wasan nan da 'yan kallo tsaye a jere a madadin layi, kuma layin nan yana matsawa gaba ko baya gwargwadon wanda ke da ƙwallo.

Masu ba ni aiki iri-iri ne: shugabannin makarantu, kansiloli, da kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyi. Wani a Shinkafi ya taɓa jawo ni gefe ya miƙo mini ƙulli cikin fata, wai in binne a tsakiyar fili. Na ce masa turke kaɗai nake binnewa, shi ma sai na auna zurfin ramin. Wani ya roƙi in matso da wurin fenareti taku ɗaya, wai ɗan wasansa yana da ciwon gwiwa. Baƙi daga Nijar sun zo da awonsu na mita, muka yi musu har la'asar, daga baya muka gane abu ɗaya muke faɗa. A haka aka sa mini suna Baba Inci, aka kuma riƙa cewa in na shata fili ba sai an duba ba. Ban hana a faɗa ba. Gaskiya ma, in an manta ba a faɗa ba nakan tuna wa mutane.

Yanzu ga aikin da na yi alkawarin faɗa muku. Kwamitin babban filin garinmu ya sami bututun ƙarfe, aka ce in kafa sababbin raguna a madadin na katako da gara ta ci. Na gama ta yamma lafiya. Na koma ta gabas, na kafa turken kudu, na ja zare, na durƙusa ina ɗora rula ina ƙirgawa. Na kai goma sha bakwai sai ga Malam Sanusi, malamin Larabci, ɗan gidan malamai, shugaban kwamitin filin, mutumin da muka yi shekara talatin muna maƙwabtaka. Ya tsayar da kekensa.

"Malam Yohanna, sannu da aiki."

"Yawwa, Allah gafarta Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya gida? Ya uwargida? Ya ƙahwar tata, ta saki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Madalla. Ya ɗiya? Rahila ta aiko? Ya munka ji da zahin ga?"

Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a katse gaisuwa, kuma ba a amsa ta a durƙushe da baya ga dattijo. Na miƙe, na tambayi nasa iyalin ɗaya bayan ɗaya, har da surukinsa na Gurbin Bore da saniyarsa da ta yi ɓari. Da ya hau keke ya wuce, na koma na ɗora rula a gaba na ce, "Goma sha bakwai." Alhali na riga na ƙirga ta. Na kai ashirin da huɗu, na buga ƙusa, na haƙa ramin turken arewa. Awo na biyu fa? Rana ta yi zafi, mai walda yana jira ya yanka sandar sama daidai da turakun, ni kuwa Baba Inci ne. Ban nemo shaida na biyu ba.

Ba wanda ya lura, domin layukan gidan mai tsaron raga daga turke ake auna su, sai suka bi kuskuren suka rufa masa asiri. Mai saƙa mana raga ma a jikin ƙarfen ya saƙa. Abin da mutane suka lura da shi kawai, ƙwallo tana son ragar gabas. Kyaftin da ya ci ƙuri'a sai ya zaɓi ya fuskance ta a zagaye na biyu. Da yake kuma kowace ranar wasa nakan durƙusa a gindin turke in rufe ido ɗaya in duba miƙewar layi, sai labari ya bazu cewa addu'a nake yi, wai Kiristan nan ya roƙa wa ragar gabas albarka. Aka fara zuwa gidana. Wani koci daga Zurmi ya kawo zabi biyu.

"Baba, ka san mu ba mu da wani uba sai kai. In ka durƙusa gobe ka tuna da mu."

Na mayar masa da zabinsa, na yi masa wa'azi na rabin sa'a. Na ce masa ina ganin manyan 'yan wasa a gidan kallo, wannan ya ci ya nuna sama da yatsa, wancan ya ci ya kai goshi ƙasa, kuma ban ga laifin mai godiya ba. Amma mutum goma sha ɗaya suna roƙon nasara a nan, goma sha ɗaya suna roƙonta a can, duk kuwa Allah ɗaya ya halicce su. Ban yarda Mahalicci yana da ƙungiya ba. Addu'ata ranar wasa guda ce, kada a karya ƙafar ɗan kowa. Ya saurara da ladabi, ya tafi ya gaya wa mutane cewa 'yan Shinkafi sun riga shi saye ni. Wa'azin nan na yi shi sau da yawa, da murya mai ƙarfi, ban san cewa mu'ujizar da nake musantawa ni na haƙa mata rami ba.

Wanda ya biya kuɗin kuskurena da sunansa shi ne Lawali, mutumin ƙauyen Ɗan Isa, mai tsaron ragar ƙungiyar garinmu. Dogo ne, hannuwansa kamar faifai. A filayen Shinkafi da Zurmi katanga ne. A gida kuwa, da yake kowane wasa sai ya yi rabinsa a gabas, sau da yawa yakan tsaya ya bar ƙwallo ta wuce yana cewa waje za ta, gama jikin mai tsaron raga ya san inda turke ya kamata ya kasance. Sai ƙwallo ta shafi turken arewa ta shige. Aka sa masa suna Kwando. Mata a rijiya ma Kwando suke ce masa. Ranar da wani mai neman 'yan wasa ya zo daga wata babbar ƙungiya domin ya gan shi, irin wannan ƙwallo ta shiga, mutumin ya rufe littafinsa ya tambayi hanyar tasha. Lawali ya ajiye safar hannu, ya buɗe rumfar gyaran babur. Ni da bakina na taɓa ce masa, a gaban jama'a, matsalarsa rashin natsuwa ce.

Asirin ya tonu ta hanyar kyauta. Wani ɗan garinmu da ke wasa a ƙasar waje ya aiko da raguna biyu na kamfani, iri ɗaya, cikin leda. Na ɗaura ta yamma ta zauna kamar an gwada. Na ɗaura ta gabas, ta ƙi kaiwa turken arewa. Na ja, ta ƙi. Na koma gida na zauna na rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi uku da Turanci mai kyau, a kan lalacewar sana'a a wannan zamani. Na karanta wa uwargidana, Saratu, domin ta ji daɗin jimlolin. Tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba.

"Baban Rahila, kafin ka sayi kan sarki, ka auna ƙarfen naka mana."

"Ni zan auna abin da na riga na auna?"

"To. Ni dai in zane ya ƙi zagaye ni, ba masaƙi nake fara zagi ba."

Ban yi mata magana ba har washegari. Washegarin Juma'a ce. Na jira sai da gari ya tafi masallaci, lokacin da Kirista zai iya zama shi kaɗai a fili ba mai yi masa sannu. Na ja zare, na ɗora rula. Ashirin da biyar. Na auna daga arewa zuwa kudu, ko za ta canza ra'ayi. Ashirin da biyar. Na je na auna ta yamma don in kama rular da laifi, ta ba ni ashirin da huɗu cif. Na zauna a gindin turken arewa har aka sauko daga masallaci.

Gyaran ba shi da wuya, kuma Shaiɗan ya zana mini shi tsaf kafin in kai gida. Juma'a mai zuwa in kira mai walda, in ce tsatsa ta ci gindin turke, a yanke, a matsar, a shafa fenti. Ba mai sani har abada. Na gaya wa Saratu shirin, na ƙawata shi da cewa ba na son a tada hankalin jama'a.

"Turken dai za ka matsar," in ji ta. "Sunan ɗan mutane fa, wa zai matsar da shi? Kuma jibi Lahadi akwai Jibin Ubangiji a majami'a. Da wane hannun za ka karɓi gurasa mai tsarki, mai rular ko ɗayan?"

Shekara arba'in da aure ban taɓa cin musu da matar nan ba, sai dai in ta gaji.

Ranar Asabar akwai wasan ƙarshe tsakanin Shinkafi da Zurmi a filinmu, fili ya cika har kan katanga. Kafin a busa usur na je wurin Malam Sanusi na roƙi a ba ni lasifika. Ya ɗauka zan yi gargaɗin da na saba a kan masu taka layi. Na kira kyaftin biyu, na miƙa wa na Shinkafi rula, na ce na Zurmi ya ƙirga da ƙarfi. Ya ƙirga, 'yan kallo suna taya shi kamar 'yan aji ɗaya. Da suka wuce ashirin da huɗu, rula ta sake kwantawa sau ɗaya kafin ta taɓa turke, sai murya ta ɗauke. Na ce, "Jama'a, ragar nan ta fi doka da ƙafa ɗaya. Ba addu'a ba ce, ba asiri ba ne. Ni Yohanna na yi kuskuren ƙirga shekara bakwai da suka wuce, na kuma ƙi sake awo saboda girman kai. Duk mai tsaron ragar da aka zaga a kan turken nan, musamman Lawali na Ɗan Isa, ni ya kamata a zaga. Ina neman gafara."

Sai wani tsoho daga kan katanga ya ce, "Ashe Baba Inci mutum na." Daga nan dariya ta ɓarke, har alƙalin wasa ya zauna a ƙasa. Malam Sanusi ya karɓi lasifika ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa. Ya shafa gemu ya ce, "To in hakanan na, inci shidda nawa na, shidda nashi. Amma gaisuwa kam ba mu bari." Aka kira mai walda ya yanke sandar sama a gaban kowa, aka haƙa sabon rami, aka fara wasa bayan la'asar. Guntun bututun da aka yanke na ajiye shi a gefen fili, kafin in juya ya ɓace. Na ji labarin yana Shinkafi, na kuma ji yana Zurmi, kowanne cikin jakar koci. Wasu har yau sun yi imani na ƙirƙiro kuskuren ne don in ɓoye sirrin addu'ata.

Kwamiti bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora ciwo: ya kafa doka cewa duk awon da na yi sai kyaftin biyu sun maimaita shi a gabana. Yaran da ba su fi jikokina ba, waɗanda ba su iya riƙe rula a miƙe ba, su ne ke duba aikina har na ajiye gwangwani. Na kuma gano cewa tuba a bainar jama'a tana da riba ga mutane da yawa. Duk wanda ya taɓa tsaron raga a ƙananan hukumomin nan uku ya sami bayanin rayuwarsa. Ƙwallon da ta shiga ragar yamma, laifina ne. Wadda ta shiga a Zurmi, laifina ne. Akwai wani mai sayar da albasa a Shinkafi da bai taɓa taka filinmu ba, yana gaya wa 'ya'yansa da yanzu yana Turai ba don ni ba.

Lawali bai zo filin ba ranar, saboda haka Litinin na tafi rumfarsa da ƙafata. Na same shi tsugune gaban wani babur. Ya miƙe ya share mini benci. Na maimaita masa abin da na faɗa a lasifika, na ƙara da maganar rashin natsuwa da na yi masa. Ya daɗe yana juya sifana a hannunsa.

"Baba, na yahe. Labari ya zo min tun Asabar. Jiya ko kuɗin shayi ba a bari na biya ba. Wai yanzu Katanga nika."

"Ai sunanka ne, ni na riƙe maka shi."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya matso.

"Baba, tunda kai ka hwaɗi taka, bari in hwaɗi tawa. Mai tsaron raga ba ya manta ƙwallon da anka ci shi. Na kwana biyu ina tuna su. Waɗanda sunka bi ta turken ga naka, na san su ɗai-ɗai. Sauran kuwa, wasu ta tsakanin ƙahwahuna sunka bi, wata ma ni na tura ta da gwiwa." Ya ɗaga hannu ya nuna mini adadin na turkena da yatsu. "Amma don girman Allah, Baba, kar ka hwaɗa ma kowa yawansu. Bari in ɗan ci sunan ga."

Na ce masa ba zan yi ƙarya dominsa ba, amma ba wanda ya wajabta mini in faɗi adadi. Na yi masa alkawari, kuma ina riƙe da shi har yau. Ko Saratu ta tambaya ban faɗa ba. Abin da zan iya cewa kawai, da hannu ɗaya ya ƙirga su, kuma bai ajiye sifanar da ke cikin hannun ba.